Gado Na Goma Sha Ɗaya

Ni ba likita ba ne.
Abílio Serrão sunana, aikina jinyar na'urori
a wani tsohon asibiti kan tudu a Lisbon,
inda kaurin bango ya kai kamu biyu,
taragon lantarki na wucewa ta ƙarƙashin taga
yana tartsatsi kamar mai jin haushin titi.

Dare huɗu a jere
na'urar gado na goma sha ɗaya tana shara ƙarya.
Ƙarfe uku na bugawa sai layin allo ya haukace,
ƙararrawa ta kwarma ihu,
Graciete ta sheƙo da gudu,
ta kama wuyan hannun tsoho Belmiro,
ta tarar jini na tafiyarsa a natse
kamar mai komawa gida bayan kasuwa ta watse.

A dare na huɗu ta ɗan yi jinkiri kafin ta miƙe.
Ita ta faɗa mini da bakinta, idonta a ƙasa.
Jinkirin nan ne ya hana ni barci.
Ƙararrawar da ta saba ƙarya,
ran da ta faɗi gaskiya, wa zai ruga?

Na fara zargin tarago,
aka ce a wannan sa'a shi ma ya kwanta.
Na zargi lif, na zargi oba-obar mai gadi,
na bi wayoyi har cikin rufi,
na sauko da saƙar gizo-gizo a gashi.
Abin da nake farauta ba ya barin sawu,
ba wari, ba inuwa.
Iskar ɗakin cike take da surutu
wanda kunne ba ya ji, amma waya na ji,
ga na'urar da aka koya wa sauraron raɗar zuciya
ba ta iya toshe kunne ba in baƙo ya daka tsawa.

A dare na biyar na zauna bayan labule,
ma'auni a kan cinya, kofi ya huce.
Uku saura minti biyu, Dona Eulália, matar tsohon,
ta leƙa hagu, ta leƙa dama,
ta zaro wata tsohuwar salula daga jakar saƙarta,
bayanta ɗaure da salatif,
ta ɗora a ƙirjin mijinta,
daidai kan igiyoyin.

Allurar ma'aunina ta yi tsalle
tun kafin wayar ta yi ƙara.

Ɗansu ne, Tomé, daga jirgin dakon kaya
can a wani teku inda gari ya riga ya waye.
Minti biyar ake ba shi.
"Baba, ka ci abinci?"
Tsohon da bai ce da likita uffan ba tun Litinin
ya motsa leɓe.
A kan allo kuwa hadari ya haɗu.

Doka na nan manne a bango,
hoton waya da jan layi a kai.
Na san ta. Ni na manna ta.
Na ɗaga wa Graciete hannu, ta tsaya a bakin ƙofa
har suka yi sallama.

Sai na auna taku uku daga gado zuwa taga,
inda ba sai wayar ta yi ihu ba kafin ta sami hanya.
Na ce, "Nan za ki riƙa ajiye ta."
Ta ce, "Kunnensa ya yi nauyi.
A ƙirji yake jin yaron."

Na karanta littafin na'urar nan daga bango zuwa bango,
babu shafin da ya amsa wannan.

Washegari na tono doguwar igiya da ɗan lasifika
daga akwatin tarkacena,
na saƙala a matashi, dab da kunnen da ya fi ji.
Ƙarfe uku layin ya tafi lafiya lau,
in ban da ɗan saurin da ya ƙara
lokacin da muryar ta ce "Baba."

Graciete ta dube ni.
Na rufe ma'auni na ce,
"Wannan kam ba aikina ba ne. Nasa ne."